Ranar hutu tsakanin Zell am See da Gastein: ruwan zafi, bakin tafki ko Salzburg?

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaran jiya bayan isha'i ina zaune ƙofar gida nan Aboabo, Kumasi, sai ga ɗan kawuna da takarda da biro a hannu, wai surukinsa na Jamus ya aiko musu da gayyata, shi da mai ɗakinsa da Hajiya mahaifiyarta, za su tashi cikin Janairu, kuma an riga an tsara musu kwana uku a Zell am See sai kwana uku a Gastein, duka a ƙasar Ostiriya, wuraren da ake wasan zamiya kan dusar ƙanƙara wanda su can suke ce ma ski. Tsakanin wuraren biyu akwai kwana ɗaya da ba a hawa dutse, shi ne yake ce min Yaya tunda ka taɓa yi, ranar nan ina za mu nufa? Na taɓa yi kam, sau biyu ma, ƙanena ya daɗe a Munik, yaransa can aka haife su kuma tun suna firamare makaranta ke kai su kan ƙanƙara, to duk sanda harkar kayan mota ta kai ni Jamus lokacin sanyi sai su ja ni. Hirar da muka yi da shi ta kai mu har sha ɗayan dare, shi ya sa na ce bari in rubuta ta don na san ba shi kaɗai ba ne, bogogin Zango da ke Jamus da Italiya yanzu suna yawan ɗaukar 'yan uwa su kai su irin wuraren nan.

Kuma kar wani ya ce me ya haɗa ɗan Kumasi da ƙanƙara. Kwame Nkrumah-Acheampong ya riƙe tutar Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, kuma da girmansa ya koyi abin, sannan Akwasi Frimpong wanda nan Gana aka haife shi ya je ta Koriya ta Kudu a 2018. Ba gadon kowa ba ne.

Abu na farko da na faɗa masa, ka san dalilin da ya sa aka saka ranar tukuna. Sabon koyo duk yini a tsaye yake gwiwa a lanƙwashe, bakin katakan ski biyu da ke ƙafarsa a haɗe bayansu a buɗe, tsayuwar da Jamusawa ke kira garma, kuma takalmin nan na roba mai tauri yana danne maka ƙwauri tun safe har la'asar. Ranar farko baka jin komai sai daɗi. Ciwon yana zuwa ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, cinyoyi su yi tsami, sauka daga bene ya zama aiki, sujada ma sai ka dafa ƙasa a hankali. A gajiyar nan ne ake yawan faɗuwa a murɗe gwiwa, don ƙafa ta daina jin umarni. To ranar hutun an saka ta ne don ƙafar ta dawo, duk inda zaka zaɓa ka auna shi da wannan mudun, in wuri zai ƙara cin ƙafarka ka san ba hutu kake ba ko da kuwa hotunan sun yi kyau.

Abu na biyu wanda mutane ke mantawa, ranar nan baka da ɗaki. Otal ɗin farko yawanci ƙarfe goma na safe suke so ka fita, na biyun kuma sai wajen uku na rana suke ba ka makulli, tsakani kai ne da akwatuna da manyan riguna da tsohuwa da sanyin da ke ƙasa da sifiri. Kayan ski ɗin haya ka mayar tun yammacin jiya ka karɓi wasu in ka isa Gastein, kar ka ɗauko su. Sannan rana gajeriya ce sosai, mu nan mun saba magariba wajen shida duk shekara, can a Janairu biyar bata yi rana ta faɗi, a cikin kwari ma tun kafin nan dutse ya tare ta. Azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa kamar ana koro su, ku tambayi malaminku kan kasaru da haɗa sallah tun kuna gida.

Zaɓin da ke gabansa uku ne na gaske, ya tsaya bakin tafkin Zell am See ya yi sanyin jiki sai yamma ya wuce, ko ya wuce Gastein da wuri ya shiga ruwan zafi, ko ya biya birnin Salzburg ya buɗe ido.

Bari in fara da Salzburg don ita ce kowa ke fara ambata, shi ma ita ya rubuto a saman takardarsa. Gari ne mai kyau wallahi, ba na musu. Kogin Salzach ya raba shi biyu, sunan garin ma daga gishiri ya samo asali don da cinikin gishiri suka yi arziki, kamar yadda goro ya gina Salaga da Kumasi. A saman dutse akwai ganuwar Hohensalzburg da aka fara ginawa a 1077, akwai ɗan jirgi da ke hawa da kai in baka iya tattaki, daga sama kana ganin rufin garin duk fari fat da duwatsu a bayansa. Ƙasa kuma ga layin Getreidegasse mai ƙunci, kowane kanti da alamarsa ta ƙarfe a rataye, a gida mai lamba 9 aka haifi makaɗin nan Mozart a 1756, UNESCO ta saka tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1996. A babbar tashar jirgin ƙasa akwai loka da zaka kulle akwatuna, kuma a unguwannin kusa da tashar akwai Turkawa da 'yan Bosniya da yawa, ka samu naman halal ka samu masallaci, ba irin namu mai hasumiya ba, yawanci ɗaki ne a cikin gini. Ƙasar ma tun 1912 ta amince da Musulunci a dokarta, sanadin Bosniya da ke ƙarƙashin daularsu a lokacin.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Salzburg ba a kan hanyarku take ba. Daga Zell am See jirgi zai kawo ku mararrabar Schwarzach-St. Veit, Gastein tana kudu da nan, Salzburg tana arewa, kamar mai zuwa Obuasi ne daga Kumasi ya ce bari ya leƙa Mampong tukuna. Wajen awa ɗaya da rabi zuwa, wajen awa ɗaya da rabi komowa Gastein, awa uku kenan a zaune cikin jirgi ƙafa na ƙara sanƙarewa, alhali kai tsaye daga Zell zuwa Gastein awa ɗaya da 'yan mintuna ne. In kun isa kuma duk abin gani da ƙafa ake ganinsa, tsohon garin ba a shiga da mota yadda aka ga dama, daɓen duwatsu ne, in ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa santsi gare shi. Tafiyata ta farko wannan muka yi, mun ga gari mun ji daɗi, amma da muka isa masauki da dare ƙafata ta fi yadda na taso da safe ciwo, washegari sau biyu kawai na gangaro na zauna, tikitin hawa dutse na yini kuma ya haura yuro 70, ka buga shi da sidi ka ji. Ga Hajiya kuma ban ga yadda za a yi ta yi wannan yawon cikin sanyi ba. Shawarata a kan Salzburg ita ce a bar ta sai ranar ƙarshe, bayan an gama hawa dutse gaba ɗaya ana hanyar komawa Munik, don a lokacin tana kan hanya, kuma in Allah ya sa ta faɗo Juma'a sai a samu jam'i. In kuma ranar hutun ku ce ta faɗo Juma'a to wannan dalili ne mai ƙarfi da zai sa in ce ku je duk da nisan. Lahadi kam ku sani yawancin kantuna a rufe suke a ƙasar, wanda ya je da niyyar sayen tsaraba zai dawo hannu rabbana.

Ya kuma tambaye ni Hallstatt don matarsa ta ga hotonta a Instagram. Na ce a'a. Ƙauye ne da mutanensa basu kai 800 ba amma baƙi dubbai ke cika shi, kusan awa biyu a mota daga Zell, kuma ba hanyarku ba ce ko kaɗan. Innsbruck ma haka, ga wanda ke wasansa a yankin Tirol ta dace, ku kam ta yi muku nisa.

Sai zama a Zell am See ɗin kanta, wanda mutane ke rainawa don wai ai mun kwana uku a nan. Kun kwana uku amma a kan dutse kuka yi su, garin da daddare kawai kuka gan shi. Tafkin bai kai Bosomtwe ɗinmu girma ba, tsawonsa wajen kilomita 4 ne, amma ruwan garai-garai, duwatsu sun kewaye shi, ga Schmittenhöhe a bayan garin ga Kitzsteinhorn can nesa da farin kansa. Hanyar bakin ruwa shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa babu gangara, akwai bencina, kuma irin wannan tafiyar a hankali ita ce ke warware tsamin jiki, ta fi kwanciya duk yini. Tashar jirgi tana bakin tafkin, ƙafa kaɗan. Ku roƙi masu otal su ajiye muku akwatuna bayan kun ba da makulli, abu ne da suka saba yi, ku yi yawonku ku ci abinci sai wajen biyu ku kama jirgi, kuna isa Gastein ɗaki ya buɗe. Ba ka kashe komai ba sai kuɗin abinci da shayi.

Tafiya ta biyu da iyarmu muka je, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ba ruwanta da hawa dutse, jikokinta kawai ta je gani. Safiyar ranar muka naɗe ta cikin riga biyu da safar hannu, ta shafa man kaɗe a leɓe da fuska don iskar can busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu a Tamale, muka zaunar da ita kan benci da fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari da ta taho da su daga kasuwar Kejetia. Ruwan ya yi lum babu motsi, gefensa ya fara daskarewa, agwagin ruwa na yawo a inda bai daskare ba. Ta daɗe bata ce komai ba tana jan carbi ta cikin safar hannu, can sai ta ce min kai Babangida, dubi ikon Allah, ruwa ya zama dutse tsuntsu na tafiya a kai. Har yau in ana hirar Turai wannan zaman take ba da labari, bata ambatar komai sai shi.

Wani abin da ya sa Zell ta yi mana sauƙi, Larabawan yankin Gulf sun daɗe suna cika garin lokacin zafi, musamman Yuli da Agusta, to mutanen garin sun saba ganin mace da hijabi, kuma ba a rasa inda za a ci halal, ga shagunan kebab na Turkawa. Sai dai mai saka niƙabi ta sani, tun Oktoban 2017 dokar Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a kuma akwai tara, hijabi ba matsala. Wanda yake da sauran kuɗi da sha'awa zai iya shiga bas zuwa Kaprun ya hau motar igiya har saman Kitzsteinhorn ba tare da kayan ski ba, akwai dandalin kallo a tsayin mita 3,029. Don ku gane tsayin, dutsen Afadjato namu na Gana ko mita 1,000 bai kai ba. Amma iska a can sama bata da kauri, zaka ji numfashi na yi maka wuya in ka yi sauri, mai hawan jini ko ciwon zuciya kar ya hau sai likitansa ya yarda, kuma in gari ya yi hazo kuɗinka kawai ka zubar don ba abin da zaka gani. A Kaprun ɗin akwai babban gidan wanka na zamani, Tauern Spa, da aka buɗe a 2010, wanda ke son ruwan ɗumi ba tare da ya bar yankin ba nan zai je.

Raunin zaman Zell ɗaya ne, sanyi. In rana ta fito babu kamarsa, in kuwa an tashi da iska da dusar ƙanƙara ba mai iya awa ɗaya a waje, sai dai ku yi ta sauya gidan shayi kuna duba agogo. Kuma ƙafa tana samun sauƙi amma ba irin sauƙin da ruwan zafi ke bayarwa ba.

To yanzu Gastein, inda na fi so in daɗe don nan ne alherin yake kuma nan ne abin lura yake. Kwari ne mai garuruwa uku a jere, Dorfgastein, Bad Hofgastein, sai Bad Gastein a can ƙurya. Kalmar Bad ɗin nan wanka take nufi a Jamusanci. Ruwa ne ke fitowa daga cikin dutse da zafinsa, sama da digiri 40, wajen lita miliyan 5 a kullum, ba wuta ba tukunya, kuma ɗaruruwan shekaru ana zuwa jinya a wurin, sarakunan Turai na da ma sun yi ta zuwa, Sarkin Jamus Wilhelm na ɗaya shekara bayan shekara nan yake hutunsa. Shi ya sa zaka ga manya-manyan tsofaffin otal masu hawa da yawa a manne jikin dutse a ɗan ƙaramin gari, kuma a tsakiyar garin ruwa na gangarowa daga sama da ƙara kamar saukar ruwan Yuni kan kwano, ka tsaya kan gada feshinsa na taɓa maka fuska.

Gidajen wanka manya biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Felsentherme tana Bad Gastein, tun 1968, an sassaƙa ta a jikin dutse har kana iyo kana ganin dutsen a bango, kuma tana daidai gaban tashar jirgi, ka sauko ka tsallaka titi ka shiga. Ga wanda ya zo da jirgi da kaya wannan babban sauƙi ne. Amma garin Bad Gastein hawa da gangara ne ko'ina, yana sama da mita 1,000, daga tasha zuwa wajen ruwan nan mai gangarowa sauka ce mai tsayi kuma dole ka hawo ta, ga mai ciwon cinya ko tsohuwa ba wasa ba ne, ku shiga bas ko tasi. Alpentherme kuma tana Bad Hofgastein, a shimfiɗar kwari, garin a baje yake ana tafiya cikin sauƙi, gidan ya fi girma, akwai ɓangaren yara da wurin sulu, akwai ɓangaren manya da ba hayaniya, akwai kuma wurin da aka keɓe ma mata zalla. Tasharta ta jirgi tana wajen gari sai an ɗan shiga bas. Iyali da yara da Hajiya, Hofgastein. Mutum biyu masu ƙarfi da suka zo da jirgi, Felsentherme. Kuɗin shiga ko wanne bai kai tikitin ski na yini ba, kuma ana sayar da na awa uku ko huɗu, wanda ya isa, don ruwan zafi in ya yi yawa shi ma kasala yake sakawa. Ku tafi da tawul da silifas ɗinku, ku sha ruwa sosai.

Abin da ruwan ke yi ma jiki sai wanda ya shiga. Ana bi ta wata ƙofa daga tafkin ciki ka fito na waje kana cikin ruwan, kafaɗa zuwa ƙasa ɗumi, kai kuma a cikin sanyin da ke ƙasa da sifiri, tururi na tashi har baka ganin na gabanka sosai, dusar ƙanƙara na sauka kan gashinka tana narkewa, duwatsu tsaye a kanka. Akwai inda ruwa ke bugowa da ƙarfi daga bango, na juya cinyata na bar shi yana dukanta wajen minti goma, na canja ɗayar. Daren nan na yi barcin da ban yi irinsa ba tun da na bar Kumasi, da asuba na yi sujada ban dafa komai ba, kuma kwana ukun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk hawan da na taɓa yi. Wannan ne ya sa in aka ce in zaɓi ɗaya don jiki kawai, ba na ko tunani.

Amma ku saurare ni da kyau a nan, don surukin naku ya daɗe a can mai yiwuwa abin ya daina zame masa abin faɗa. Gidan wanka a Ostiriya da Jamus kashi biyu ne. Ɓangaren tafkuna ana saka kayan iyo, maza da mata a haɗe, kamar dai bakin ruwan Labadi ranar hutu. Ɓangaren sauna kuma, ɗakin zafin nan da ake shiga a yi gumi kamar sirace, al'adarsu ba a saka komai, tsirara ake shiga, tawul kawai ake shimfiɗawa a zauna a kai, kuma yawanci maza da mata tare. A wajensu tsafta ce, mai shiga da wando ma shi ake yi ma magana. Ni ba wanda ya gaya min. A wani gidan wanka da muka je tafiyar farko na ga ƙofa da ɗan shinge mai juyawa, na ɗauka ƙarin tafkuna ne, na riga na ɗora hannu sai 'yar ƙanena mai shekara goma sha biyu ta rugo ta riƙe min hannu ta ce Baffa tsaya, nan ba namu ba ne, ta nuna min rubutun da ke jikin ƙofar. Kalmar ita ce textilfrei, wani wurin su rubuta Nacktbereich, ma'ana ba a shiga da tufa. Ku haddace su. Ɓangaren a ware yake da ƙofarsa, wuri da yawa ma kuɗinsa daban ne, in baka shiga ba ba abin da zai same ka.

Ko ɓangaren tafkunan ma ban ce kowa zai iya ba, kuma ba zan ce ma kowa ya danne zuciyarsa ba. Namiji ya nemi wandon iyo mai kaiwa gwiwa, na yadin iyo ba auduga ba. Mace in tana da kayan iyo masu rufe jiki duka, a sa suruki ya buga waya ya tambaya ko suna karɓa kafin a biya kuɗi, don dokar kowane gida daban ce, a tambaya kuma game da wurin mata da lokutansa, kuma a sani wurin matan ma in sauna ne to ba tufa, mata ne dai zalla. Da safe ranar aiki mutane sun fi ƙaranci, daga ƙarfe huɗu in masu ski suka sauko wurin cika yake. Matar ƙanena bata shiga ko sau ɗaya, ta ce min Yaya ni dai ku je, ta zauna da iyarmu a gidan shayi, kuma ban ga ta yi asarar komai ba. Wasu otal ɗin a kwarin suna da nasu ƙaramin wurin wanka, in kuna neman sirri ku tambaya tun wajen kama ɗaki.

Akwai wani abu a ƙarshen kwarin, wajen Böckstein, da zai ba 'yan Obuasi sha'awa. Rami ne da aka haƙa cikin dutse a shekarun 1940 ana neman zinariya, zinariyar bata samu yadda ake so ba amma leburori suka lura ciwon gaɓoɓinsu na sauƙi, shi ne aka mayar da shi wurin jinya, Heilstollen. Ƙaramin jirgi ke shiga da mutane wajen kilomita 2 cikin dutsen, zafi daga digiri 37 zuwa sama da 41, ga laima, ga wata iska da ke fitowa daga dutsen mai suna radon. Wannan ba wurin yawon buɗe ido ba ne, likita ke duba mutum kafin ya shiga, mai ciki bata shiga, kuma masu ciwon gaɓoɓi zuwa da yawa suke yi cikin makonni. Na faɗa ne don in Hajiya ta ji labarinsa ta ce a kai ta, ku san ba abin yini ɗaya ba ne.

Abinci a Gastein sai an fi lura fiye da Zell da Salzburg. Kalmar Schwein alade ce, Speck ma naman alade ne kuma suna barbaɗa shi cikin miya da dankali ba tare da sun ɗauke shi nama ba, sai ka tambaya. Abin da na fi ci hankali kwance shi ne Kasnocken, 'yan curin fulawa da cuku da soyayyar albasa, yana riƙe ciki kamar tuwon zafi, sai kifi Forelle da dankali. Kaiserschmarrn mai zaƙi yana da daɗi amma wani lokaci zabibin ciki a giya ake jiƙa shi, ku ce a cire. Abin sha mai zafi ja da ake sayarwa a waje, Glühwein, giya ce. Ku tafi da gari da shito da yajinku a akwati, ranar da aka rasa abin ci su ne rufin asiri, amma kilishi da duk wani nama ko madara ba a shiga da su Turai daga nan, a filin jirgi za a karɓe.

Abu ɗaya da zai iya rusa duk tsarin shi ne ranar ta faɗo Asabar. Ita ce ranar da masu hutun mako ke fita sababbi ke shigowa, titunan kwarin cunkushe suke kamar Kejetia jajibirin sallah, jirgi ma cike. Na ce masa ya kira surukinsa ya duba kalanda, in da hali a matsar da ranar zuwa Talata ko Laraba, kuma kar a sayi tikitin kwana bakwai a jere tunda Zell da Gastein ba tikiti ɗaya suke ba, kowanne na kwana uku daban.

Abin da muka rubuta a takardarsa kafin ya tafi shi ne, su yi karin safe a Zell ba gaggawa, su ba da makulli su bar kaya, su zaga bakin tafki da Hajiya na awa ɗaya in rana ta fito, wajen sha ɗaya su kama hanya, su ajiye akwatuna a otal ɗin Hofgastein su yi azahar, shi da surukinsa da yara su shiga ruwa awa uku, mai ɗakinsa ta zaɓa da kanta bayan an yi wayar nan, Hajiya kuma a nema mata kujera kusa da taga mai kallon dutse da fulas ɗinta. Salzburg muka mayar ranar komawa. Ya ce to inshora fa, na ce wadda aka yi don biza ka duba ko ta haɗa da raunin ski da ɗaukar mutum daga kan dutse, don da yawa basu haɗa ba, gobe in ka shigo Magazine wajen masu kayan mota ka taho min da takardar mu duba tare.